Mai Gudu

Hannu uku ake rubutu da su a shagonmu na Fagge, kowanne kuma da sunan da muka laƙaba masa, sunan da ba za ka same shi a littafin kowa ba. Akwai mai tsayuwa, manyan baƙaƙen nan masu miƙaƙƙiyar kafaɗa da ake rubuta sunan ma'aikata ko lambar mota da su. Akwai na satifiket, mai ƙayoyi da lanƙwashe-lanƙwashe, wanda ba a tunawa da shi sai makaranta za ta yaye ɗalibai. Sai kuma mai gudu. Shi ne kakkauran nan da ke kishingiɗa ta dama, kowane baƙi riƙe da na gabansa har kalma ta ƙare, daga nan a ja masa wutsiya ta juyo ta ƙarƙashin kalmar ta shimfiɗe. Saboda shi ka ƙi zaman rumfar kawunka a Kantin Kwari, inda ake awon yadi a inuwa a kuma ci shinkafa da rana, ka zaɓi wankin buroshi. Me ka gani a cikinsa ne, kai kuwa, ko gemu ba ka fara ba?

Shagon ma suna ne kawai. Rumfar kwano ce jingine da katangar wani gida, ƙasanta daɓe, gabanta a buɗe, a ciki benci ɗaya da fenti ya yi shekara da shekaru yana ɗiga a kansa har an daina sanin launin katakon. Da safe in an ɗage asabari, warin kananzir ne ke fara tarbar mutum, gauraye da na fentin mai da ƙanshin allon da aka goge jiya da sanfefa, can kuma iska ta kaɗo hayaƙin mai ƙosai daga bakin lungu. Gwangwanayen madara a jere kan kanta, kowanne da launin da ya bushe masa a baki, ja da ɗorawa da shuɗi da kore irin na tuta. Igiya mai alli a nannaɗe jikin ƙusa. Sandar dogara hannu mai ƙullin tsumma a ka, wadda yawan riƙo ya sa ta sheƙi. Akwatin rediyon mai gyaran agogo ba ya mutuwa, maƙeran bodin mota suna ta zuba guduma daga nesa, jirgin ƙasa ya yi kuka, maigida ya ɗaga kai ya ce azahar ta kawo jiki. A can sama, kan ƙusar da hannunka bai kai ba, gafakarsa ce a rataye, tsohuwar fata da ta yi baƙi don tsufa, a cikinta buroshinsa na aiki da wani littafi marar bango. Ba a taɓa ta.

Buroshin nan na gashin dabba ne, masu faffaɗan baki a daidaice, ya ce daga Ingila suka zo. Kowace yamma shi da kansa yake wanke su a kananzir, ya matse, ya ɗiga musu man gyaɗa, ya lallaɓa bakin da yatsa biyu har ya kwanta sumul, sannan ya naɗe su a adiko. Ku yara naku na kasuwa ne, masu zubar da gashi a tsakiyar aiki, sai ka sa tsinke kana tsamo shi daga cikin ɗanyen fenti kana addu'a kada ya waiwayo.

Ba a ba ka fentin rubutu ba sai da damina ta zo ta wuce. Aikinka gugar allo, shafa farin fenti na shimfiɗa, ɗaukar tsani, da buga igiya. Kai ka riƙe wannan bakin, babban yaron shago ya riƙe wancan, a ja ta ta yi tauri, a ɗaga tsakiyarta a saki, ta ce tas, ta bar farin layi a jikin allo, 'yar ƙurar alli tana tashi tana sa ka atishawa. In aiki ya lafa sai maigida ya jefo maka tsohuwar New Nigerian ko Gaskiya Ta Fi Kwabo, ya ce ka kwantar da ita a kaikaice, layukan da suka raba labari da labari su zame maka iyaka sama da ƙasa. A kansu ka koyi ja. Baƙi tukuna, ja kawai, na tsaye, na kwance, lanƙwasar dama, lanƙwasar hagu, da tawadar gawayi da ƙaro da kake haɗawa a kasko. Jawabin Janar Murtala, farashin gyaɗa, hoton gwamna yana yanke ƙyalle, tallar basukur, duk ka bi ka shafe su da baƙin ja. Da rana a ba ka sule. Kuɗin sun riga sun koma naira da kwabo, amma bakin maigida bai koma ba, allon naira biyu har ya tsufa fam guda yake ce masa, kwabo biyar kuwa sisi.

Hannunka ba a banza ya zo ba, ya taho da guzurinsa daga makarantar allo. Ka san alƙalamin kara, ka iya fiƙe shi, ka tsaga bakinsa, ka yanke shi a karkace yadda in ka ja ta nan zai yi kauri, in ka juya ta can ya sirance. Kana ji da wannan. Sai ga shi kara yana da ƙashi, buroshi ba shi da shi. Kara in ka tsaya ya tsaya ya jira ka, buroshi kuwa da ka yi jinkiri sai ya baje ya yi ciki. Malam yatsu ya koya maka, a hankali, allo bisa cinya, daga dama zuwa hagu. Maigida ya ce yatsu riƙo kawai za su yi, rubutu daga kafaɗa yake saukowa, kana tsaye, ƙafa a ware. Hannu ɗaya, malamai biyu, kowa da inda yake so ya nufa. Da dare kana kwance a soro sai ka ji hannun yana motsi shi kaɗai a iska.

Yadda maigida yake yin ja ɗaya, har yanzu in na rufe ido ina iya bin sa daki-daki. Ya tsoma buroshi zuwa rabin gashi, ya goga bakin a kan ɓallen kwali gaba da baya har fenti ya shiga ciki ko'ina, bakin ya koma wuƙa-wuƙa. Fentin sai an sirka shi da kananzir ya yi kaurin koko, bai kai kunu ba. In ruwa ya yi yawa sai baƙi ya yi hawaye, in ya yi kaɗan buroshi ya dinga ja da baya yana barin tsage-tsage. Sai ya kafa kan sanda a gefen allo, ya ɗora tsintsiyar hannunsa a kai, ya ɗauke numfashi. Bakin buroshi ya sauka a karkace, da ƙyar yake taɓa allo, ya danna a cikin baƙin inda ake son kauri, ya murza buroshin tsakanin yatsu wurin kwana, ya fara ɗagawa tun kafin ya kai ƙarshe, har ja ya sirance ya kamo baƙi na gaba. Ana jin sautinsa, wani ɗan siririn shuu, in rediyo ya yi shiru. Buroshi janyo shi ake yi, ba a tura shi, kuma ba a komawa kan ja.

"Kai ɗan nan, in ka koma ka yi ƙarya," in ji shi, "kuma da fenti ya bushe allo zai tona ka."

Gaskiyarsa. Inda aka yi gyara yakan yi tudu, rana in ta haska ta gefe kowa ya gani. Abin da ya daɗe yana ba ni mamaki shi ne, rubutun da ke nuna an yi shi a gurguje, da wasa, hannu sake, shi ya fi kowanne cin lokaci wurin koyo. Mai tsayuwa da rula da haƙuri yaro zai iya fitar da shi. Mai gudu babu rula. Kalma ɗaya da maigida zai ja kafin shayinsa ya huce, shekarunsa na aiki duka suna cikinta. Da hunturu kuma abin ya ƙara wuya, fenti na bushewa a bakin buroshi, ƙura na neman ɗanyen allo, sai a yayyafa ruwa a daɓe a kifa aikin a jikin bango.

Ba kowane allo ake ba mai gudu ba, wannan ma doka ce. Suna da kirari a mai gudu, sana'a da adireshi a mai tsayuwa. Kalma ɗaya, biyu, in ta yi yawa uku, wanda ya wuce haka ya gajiyar da ido. Babban baƙi ɗaya tak a farkon kalma, domin manyan baƙaƙensa in aka jera su wutsiyoyinsu sarƙewa suke yi, ba mai iya karantawa. Masu aski na son sa, da teloli, da masu ɗaukar hoto, da masu gidan abinci, da mai shayin da Allah ya buɗa wa har ya yi rumfa, da masu sayar da faifan garmaho. Duk wanda sana'arsa ke son mai wucewa ya ji ana masa maraba. Asibiti kuwa, ko ofishin lauya, ko makaranta, ko sanarwar rasuwa, ko da wasa. Wani mai kemis ya taɓa zuwa ya kafe shi irin na telan maƙwabcinsa yake so, ja a kan ɗorawa, da wutsiya.

"Alhaji, wanda ya fito neman magani da tsakar dare ba ado yake dubawa ba. Bari in yi maka wanda za a hango daga bakin titi."

"To ko sunana kaɗai, malam?"

"Sunanka kaɗai, Alhaji. Shi ma ƙarami."

Aka tashi a haka, kowa yana ganin shi ya ci.

Inda mai gudu ya fi sakewa a jikin mota ne. Ka tuna ranakun da ake ɗaukar ku zuwa tashar Kuka, kai da gwangwanaye a kwando, sabon bodin katako a kan Marsandi 911 ko Bedford yana ta ƙanshin itace da baƙin mai, wani can yana zana zaki da mikiya da furanni, ku kuma naku goshin mota da allon baya. Haƙuri. Sai Allah. Nasibi. A nan ake ba baƙi kauri na gaske, faɗin tafin hannu, don wanda ke biye a baya cikin ƙura ya karanta. In ya sha iska sai a sa masa inuwa, baƙa ko shuɗiya mai duhu, kullum ta ƙasa ta hagu, sannan a ɗauki ƙaramin buroshi a ɗan taɓa fari a kafaɗar kowane baƙi ta dama, kalmar ta taso daga jikin katako. Direba na tsaye a baya, hula a keya, goro a baki, karen mota na riƙe da tsani. Da yawansu ba su yi boko ba, amma ba a yi musu wayo. Wani ya taɓa duban aikin wani shagon a motar abokinsa, ya tofar da goro ya ce wannan rubutun a fake yake, shi mai tafiya yake so. Kalmar farko da aka bar ka ka ja kai kaɗai a bayan wata gingimari ce mai zuwa Damagaram, maigida na zaune a inuwa yana yi kamar bai damu ba. Ta riga ka ƙetare iyaka da shekaru. Kwana da kwanaki kana leƙa tasha ko ta dawo.

Akwai kuma allunan silima, da ake jinginewa a ƙofar Plaza ko a ɗora a baro a zaga gari, sunan fim ɗin Indiya da garin fenti da ruwa, yau a rubuta gobe a wanke. A kansu yaran shago ke ƙara gudun hannu, don ba mai tuhumar allon kwana ɗaya.

1979 kuwa, shekarar zaɓe, ba a yi barci ba. Bandir-bandir na farin akoko ake saukewa, a ɗaure shi a jikin katanga, a ja Nasara da ja wa jam'iyya mai alamar mabuɗi, a ja Aminci wa mai alamar gida da masara, duk da buroshi ɗaya, hannu ɗaya. Maigida ya ɗaura igiya biyu a bayan rumfa, ta waɗannan daban ta waɗancan daban, ya kuma tsara lokacin karɓa yadda ba za su haɗu ba. Fitilar ƙwai biyu, sauro, shayi mai kauri a kofin silba. Ƙyalle shan fenti gare shi, sai ka ja da sauri ka kuma rage kananzir, in ba haka ba baƙi ya yi gemu. Kai dai ba ka san wa maigida ya zaɓa ba. Har ya bar duniya ban sani ba.

Duk wannan zamanin kana zaton mai gudu a Fagge aka haife shi, a rumfar nan, a kafaɗar mutumin nan mai tabon fenti a gefen riga. Sai ran da aka aike ka wata maɗaba'a a Sabon Gari karɓo rasit, kana jira, inji na ta sassarfa, warin tawada da fetur ya cika ɗaki, ka jawo wani littafi mai kauri a kan tebur don kashe lokaci. Kundin Letraset ne, shafi bayan shafi ba komai sai fasalin baƙaƙe, kowanne da sunansa a sama. Ka buɗe wani shafi ka tsaya. Ga shi nan, karkatar nan, kaurin nan, yadda "s" ke tsugunawa, yadda "r" ke miƙa hannu. An rubuta Brush Script. A guje ka dawo, har ka bar canji a wurin akawu, kana haki kana ba da labari wai Turawa sun sace hannun maigida. Ko gezau bai yi ba. Ya gama jan da yake yi, ya goge buroshi, ya sauko da gafaka, ya fito da littafin nan marar bango, ya buɗe maka. Takardun sun yi ja, gefensu ya cinye, ga yatsun fenti na mutum fiye da ɗaya, ga ja-ja da 'yan kibiyoyi masu nuna inda buroshi zai fara da inda zai ƙare. Ya ce wanda ya koya masa aiki a Sabon Gari ne ya bar masa shi da zai tafi gida, kafin yaƙin basasa.

"Kowa a wurin wani ya gani. Rufe, je ka wanke gwangwani."

Daga baya, da furfura ta fara, na san sauran. Littafin maigida irin na Speedball ne, wanda Ross F. George ya fara fitarwa a Amurka a 1915, aka yi ta sake buga shi don masu rubutun allo. Brush Script kuwa wani Robert E. Smith ne ya zana shi a 1942, wa kamfanin American Type Founders na jihar New Jersey, aka zuba shi a dalma. Abin da ya kwaikwaya kuma hannun masu rubuta allon shago da katin farashi ne na ƙasarsu, mutane masu warin fenti irin maigida. Wato ɗab'i ne ya leƙa rumfa ya ɗauka, sannan rumfa ta leƙa ɗab'i ta karɓo. Bayan yaƙin duniya na biyu masu talla suka yi masa caa, tallar mota, tallar firji, tallar sabulu, har zuwa shekarun 1960 da ido ya koma kan miƙaƙƙun baƙaƙe marasa ado irin Helvetica. Lokacin da su suka gaji da shi, mu a nan yake ganiyarsa.

Na daɗe ina tausaya wa Smith ɗin nan, ina kuma jinjina masa. Kowane baƙi nasa a kan ɗan guntun ƙarfensa yake zaune shi kaɗai, bai san wa zai zo gabansa ko bayansa ba, don haka dole wutsiyar kowanne ta fita a daidai tsayin da kowane na gaba zai karɓa. Ya kuwa ci nasara, sun haɗu ba a ganin gaɓa. Amma ka rubuta Salama da shi ka duba. "A" uku, ukun uwa ɗaya uba ɗaya, ba wadda ta fi wata ko da gashi. Ta maigida ta farko takan yi faɗi don fenti ya cika buroshi, ta tsakiya ta matse ta ba "l" wuri, ta ƙarshe ta saki jiki ta zama wutsiya. Mai wucewa ba zai iya faɗa maka bambancin ba. Direban nan mai goro zai iya.

Letraset ɗin ma mun yi zamani da shi, sa'ad da na buɗe nawa wurin, ana kawo aikin katin biki da kan wasiƙa da bangon 'yan littattafai. Kamfanin Landan ne, a 1961 ya fara yin baƙaƙen gogawa. Takarda ce mai santsi shara-shara, baƙaƙe a manne ta baya, ka daidaita wanda kake so a kan layi, ka goga da bayan biro, ka ɗaga a hankali, ya zauna. In ka yi gaggawa ya tsage. Tsada gare ta, a cikin ambulan nake ɓoye ta ƙarƙashin katifa don zafi kada ya busar da ita. Sai dai wanda ya ƙidaya baƙaƙen da ke kowace takarda da Turanci ya yi lissafi, ya cika ta da "e" da "t". Hausa kuwa "a" take ci. Kati biyu uku sai ka ga "a" ta ƙare ƙaf, ga "q" da "x" da "v" a jere ba wanda ya taɓa su. Sai a ɗauko reza. A yanke wa "d" wuya ta koma "a", a yanke wa "q" ƙafa ita ma ta koma "a", a lallaɓa gaɓar da alƙalamin Rotring. Ƙugiyar ƙ da ɗ da ɓ kuwa babu ita sam, da hannu ake ɗora ta, ana ɗauke numfashi irin na maigida. Wata amarya ba ta san sunanta a katin bikinta rabinsa daga "q" aka sassaƙo shi ba.

In don ni ne, Brush Script ya cika ladabi. Buroshi ne da aka yi wa wanka aka sa wa turare. Wanda ya fi kama da abin da ke fita daga gwangwani na wani Bafaranshe ne, Roger Excoffon, mai zana wa kamfanin Olive na Marseille. A 1953 ya fitar da Mistral, daga rubutun hannunsa, ya ba shi sunan wata iska mai ƙarfi ta kudancin Faransa. A 1955 ya fitar da Choc, baƙi ƙirin, kakkaura, baƙaƙen ba su ma haɗu da juna ba, kowanne dai an dangwara shi da cikakken buroshi an ɗaga. A tsofaffin mujallun Faransanci da direbobin Maraɗi ke naɗo kaya a ciki na fara ganin irinsu, na yanke na liƙa a bango. Na nuna wa maigida Choc wata rana da na je gaishe shi, ido ya riga ya fara yi masa hazo. Ya kai takardar kusa da fuska, ya nisanta ta, ya ce wannan mutumin ya taɓa riƙe buroshi. Daga bakinsa, ba ƙaramin yabo ba ne.

Sai kwamfuta ta zo, da CorelDraw, da injin yanka sitika, daga baya da fileks mai faɗin katanga. Brush Script na ciki, kyauta, a jerin sunaye, kowa ya danna ya samu. Ban ƙi ba, ni ma na ci abinci da ita, kuma bayana ya huta da tsani. Abin da dai har yau ke sa ni kau da kai a titi shi ne in ga an jera manyan baƙaƙensa zalla, ko an rubuta adireshi da lambar waya da shi, layi biyar, ko an ja shi ta gefe an miƙar don ya cika wuri har kaurin ya koma inda siranta take. Na taɓa ganin sa a ƙofar wani asibiti. Na ce Allah ya ji ƙan maigida, na wuce. Fileks kuma rana ba ta raga masa, ja ya koma ruwan hoda kafin a gama biyan bashinsa, alhali akwai allon da muka yi da fentin mai da har yanzu ake karantawa a wani lungu, mai shagon ma ya daɗe da rasuwa.

Ɗan ƙanena ne ke riƙe da wurin yanzu, da injinansa da janareta. Yaro ne mai ido, ya san kalma uku ta ishi mai gudu, ban kuma gaya masa ba, shi ya gano. Kwanan baya ya aiko a kira ni, ya buga wa wani mai gidan abinci allo, Ƙoshi, ja a kan ɗorawa, mai shi ya ce ba zai biya ba sai an sa wa baƙin farko ƙugiyarsa.

"Baba, injin ba shi da ita a wannan rubutun. In na sa sai ya canza mini fasali."

"Akwai jan fenti?"

"Akwai na ƙofa."

"Kawo, da kananzir kaɗan da ɓallen kwali. Ka kuma gaya wa mai allon kuɗin ƙugiya daban ne."